Kunne Ne Jarinsu: Masu Ɗaurin Ganga da Masu Gyaran Radiyo a Maraɗi

Akwai sana'o'i biyu a Maraɗi da ba a cika haɗa su a zance ɗaya ba, alhali kuwa gindinsu guda ne. Ta farko tsohuwa ce, tare da sarautar Katsina ta zo: ɗaurin ganga da gyaran tsarkiya, wato aikin mutumin da ke sa kalangu ko goge ya faɗi abin da ake so ya faɗa. Ta biyu ba ta cika shekara ɗari ba, amma ga alama za ta riga yayarta barin gari, ita ce gyaran radiyo. A unguwar Zariya na tashi, tsakanin masu sana'o'in nan biyu. Kawuna mai gyaran radiyo ne, maƙwabcinmu kuma makaɗin mahauta. Duk cikinsu ba wanda ya mallaki wani ma'auni in ban da kunnensa, kuma da kunnen nan suka ci da iyalinsu.

Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Bayan shekaru ana fafatawa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, da Alkalawa ta faɗi a 1808, sannan aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, sai suka kafa Tibiri a hannun Sarki Mayaƙi. Sun bar birane a baya, amma ba su bar kayan sarauta ba. Tambura da kakaki da algaita duk sun biyo su, domin sarkin da ke gudun hijira ya fi kowa bukatar a buga masa tambari a ji cewa sarautarsa tana nan. Bori ma, wanda ya sha matsi a ƙasashen da ke ƙarƙashin Sakkwato, a nan ya samu wurin miƙe ƙafa, Iya na riƙe da shi a Maraɗi, Inna a Tibiri, masu goge da ƴan ƙwarya na biye da su. Garin da ke da kiɗa irin wannan kuwa dole ya samu mutanen da suka san yadda ake daidaita abin kiɗa.

Aikin ya fi yadda ake tsammani wuya, saboda fata ba ta zama wuri ɗaya. Da hunturu takan bushe ta tsuke, muryar ganga ta yi sama, in an yi sakaci har ta tsage. Da damina takan sha raɓa ta saki, sai ka ji ganga na magana ciki-ciki. Shi ya sa makaɗi ke shanya gangarsa a rana, ko ya gasa ta a gefen wuta kafin ya shiga fage. Mai kotso yakan liƙa nake a tsakiyar fata, ya ƙara ko ya rage har sai muryar ta zauna. Mai goge yakan goga ƙaro a jikin izga, ya matsa jakin da ke ɗauke da tsarkiya gaba kaɗan ko baya kaɗan a kan fatar guza. Duk wannan ɗawainiya tana da dalili. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma take da kirarin da ganga ke yi, hawan nan da saukar nan take bi. In ɗauri ya ɓaci, take ba zai fito ba, mai taken kuma zai wuce bai san da shi ake ba.

Maƙwabcinmu yakan zauna a ƙofar gida da hantsi, kalangu a cinya. Sai ya bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ja wadda ta saki, ya zagayo har ya dawo inda ya faro. Daga nan ya saƙale kalangun a hammata, ya ɗan taɓa fatar da makaɗi, ya matsa, ya saki, ya karkata kai yana sauraro. In bai gamsu ba ya sake bin tsarkiyoyin daga farko. Wata rana na tambaye shi: "Baba, da mi kake gane ya yi daidai?" Ya ce: "Yaro, in na kira sunan Sarkin Fawa da baki, na buga, na ji bakin kalangu ya bi nawa, to ya yi." Muryar mutum ita ce ma'auninsa. Haka su Mamman Shata suka yi da ƴan kalangunsu, haka Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntiginsa: abin kiɗa ne ke bin maƙogwaron mawaƙi.

Turawa wata hanya suka bi. A 1711 wani mabushin fadar Ingila, John Shore, ya ƙera ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda in an buga shi yake ba da murya ɗaya tak, ba ta canzawa, masu gyaran kayan kiɗa suka riƙa auna tsarkiya da shi. Faransa ta kafa doka a 1859 cewa muryar da za a riƙa aunawa da ita ta kaɗa sau 435 a daƙiƙa, taron da aka yi a Landan a 1939 ya tsayar da 440. Kalmar da Ingilishi ke kiran wannan aiki da ita daga Girkanci ta samo tushe, daga tonos, wato jan igiya har ta yi tauri, abin nan dai da maƙwabcinmu ke yi a ƙofar gida. Da masu binciken aika saƙo ba tare da waya ba suka zo, sai suka ari kalmar daga makaɗa, domin sun ga abu ɗaya ne ke faruwa. In ka ɗaure tsarkiya biyu daidai wa daida, ka kaɗa ɗaya, ɗayar za ta amsa da kanta. Oliver Lodge ya yi rajistar dabararsa a kan haka a 1897, Marconi ya yi tasa mai lamba 7777 a 1900. Duk wanda ya taɓa murɗa radiyo yana neman tasha, ɗaurin cikinta yake canzawa har ta amsa wa tasha guda ta ƙyale sauran.

Radiyo ta fara shiga ƙasar Hausa ne ba tare da abin murɗawar nan ba. A Kano, a 1944, gwamnatin Ingila ta ja waya zuwa gidaje da dandali, aka rataya akwatuna masu magana. Abin da aka turo shi za ka ji, ba ka da zaɓi. A wajenmu kuwa lokacin gari ma sabon zama yake shirin yi, domin a 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari, aka tashi aka hau tudu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Mokoyo da Limanci suka hau da sunayensu, Zariya kuma daga baya aka yanka ta, da gari ya ci gaba da faɗi. Kuɗin gyaɗa suka shigo, alhazan Maraɗi suka fara tashe. Radiyon wancan zamani mai ƙwai ce a ciki, ga nauyi ga cin wuta, sai gidan Bature ko babban ma'aikaci ko attajiri.

Cikin ƴan shekaru kaɗan sai komai ya zo a jere. BBC ta buɗe sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957. Radio Niger ta fara aiki a Yamai a 1958. Gidan radiyon Kaduna ya tashi a 1962, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs a Nijar, inda mutane ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu a tura Yamai a sake watsawa. Muryar Jamus da Radiyon Sin da na Mosko duk suka buɗe sassan Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Abin da ya kai wannan duka cikin bukkar manomi shi ne ɗan ƙanƙanen abin nan da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, taransista. Shi ya kori ƙwan, radiyo ta yi sauƙin ɗauka, ta koma cin pil. Japan ta cika kasuwa da National da Sony da Sharp, Turai ta turo Philips da Grundig. Yawancin waɗanda suka shigo Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa suka biyo, daga kasuwannin Kano da Katsina, musamman bayan yaƙin basasar Najeriya, sa'ad da kuɗin man fetur suka yi yawa, fataucin iyaka kuma ya maye gurbin gyaɗar da fari ya kashe.

Zaman Maraɗi ya sa mutanenta suka ƙware da neman tasha. Yamai na nesa da mu fiye da kilomita 600, Katsina kuwa ba ta kai 100 ba. Kunne ɗaya na gida, ɗaya na Najeriya. A radiyo aka ji kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. A radiyo aka ji Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, shekarar da gidan radiyon ƙasa ya koma Muryar Sahel. A radiyo aka bi kokawar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Daga Kaduna ake jin Samanja da Jakar Magori da gaishe-gaishen ƴan zaɓi sonka, da azumi kuma tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya yi tasiri ƙwarai a garin nan tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978. Dattijon da bai taɓa zama a lakkwal ba ya san Kaduna na kan mita 49, ya san da rana tashoshin nesa sun fi fitowa a mita 16 da 19, da dare kuma a sauko 31 da 41. Ba wanda ya gaya masa cewa gajeren zango sama yake tafiya ya bugi wani rufi na iska ya dawo ƙasa, kuma rufin nan na canzawa tsakanin dare da rana, amma yatsunsa sun san haka. Muryar da yake cewa ta Landan, sau da yawa daga tsibirin Ascension ake harbo ta, ta Jamus kuma daga Kigali.

Abin da ake murɗawa safe da dare dole ya gaji. Nan masu gyara suka samu abin yi. Kawuna a Sabon Garin Kano ya koyo, a hannun wani maigida da ya yi wa yaranta, ya dawo ya kafa tebur a wata rumfa bakin hanya a Zariya. Kayan aikinsa ba su da yawa: sukuddireba manya da ƙanana, dalma, ƙarfen liƙi da yake sawa cikin garwashi in babu kuran, tsohon buroshin haƙori, da gwangwanayen tumatir cike da kayan cikin radiyoyin da suka mutu. Ba ya yar da matacciyar radiyo, yakan ce a cikinta maganin ƴar'uwarta yake. Ciwon da aka fi kawo masa sananne ne. Zaren da ke jan allura ya tsinke ko ya saki. Ƙurar hunturu ta shiga abin ƙara murya, yana ta ƙarƙara. An bar pil ya zube ya ci ƙarfen mazauninsa. Eriya ta karye. Ko kuma radiyo ta faɗo daga kan jaki ko amalanke, baƙin sandan nan na ciki da muke kira gawayi ya rabu biyu.

Ranar kasuwa sai ka ga mutanen Jiratawa da Tibiri da ƙauyukan bakin gulbi sun jeru, kowa da tasa a cikin rigar fata ko ta yadi da aka ɗinka mata. Wani ya ce: "Malam, tawa ta daina kama Kaduna." Wani ya ce: "Tana magana, amma tashoshi biyu take haɗawa." Wannan na biyun shi ne aikin da ake gane gwani da shi. A cikin kowace radiyo ta wancan zamani akwai wasu ƴan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowane da ɗan dunƙule mai launi a kansa, ja da rawaya da fari da baƙi. A masana'anta da na'ura ake daidaita su, galibi a kan kilohaz 455. Kawu ba shi da na'urar. Sai ya feƙe tsinken roba, don ƙarfe na rikita aikin, ya nemo tasha mai rauni ƙwarai, wadda da ƙyar ake jin ta, ya rage murya, ya ce kowa ya yi shiru. Ya sa tsinken a kan baƙin, ya juya kaɗan, ya tsaya. Ya koma farin, ya koma rawayan, ya sake dawowa. Kana tsaye za ka ji muryar na fitowa daga cikin shuuu ɗin nan sannu a hankali har ta tsaya cak. In ya gama ya ɗiga kakin kyandir a kai don kada su motsa. Yakan ja kunnen yaransa a kan abu ɗaya: wanda bai iya ba kada ya taɓa gwangwanayen nan, domin juyi ɗaya na ganganci na iya ɓatar da tashoshin duka.

Shi da maƙwabcinmu makaɗi sun san juna ƙwarai, kuma kowa na ganin girman aikin ɗan'uwansa. Da kaset ta yi yawa, kawu ya ƙara da gyaran rakoda. Idan robar da ke juya kaset ta saki, waƙa takan yi nauyi, muryar mawaƙi ta sauka. In ya canza robar yana son ya tabbatar gudun ya daidaita, sai ya sa kaset ɗin Shata ya aika a kira makaɗin. Shi kuma ya saurara ya ce: "Ƙara mata kaɗan, kalangun nan bai kai inda yake ba." Kunnen da aka horar a kan fata shi ke yi wa na'urar Japan alƙalanci.

Sana'ar ta ga sama da ƙasa. Rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986 ya sa kayan gyara suka yi wuya. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin sabuwar radiyo, sai kowa ya rungumi tsohuwarsa, masu gyara suka yi ciniki. Amma a daidai lokacin ne abin da zai rage musu aiki ya kunno kai. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka ba masu zaman kansu damar buɗe gidajen radiyo. Tashoshin FM suka buɗe a Maraɗi, irin su Anfani da Saraounia da Garkuwa, manyan gidajen radiyon waje kuma suka riƙa bi ta FM suna isowa tangaran. An huta da farautar tasha. Sannan radiyoyin Sin masu araha suka cika kasuwa, irin su Kchibo. Cikinsu ɗan baƙin abu ne guda da ya haɗiye aikin gwangwanayen nan duka, in ya mutu babu abin juyawa, kuɗin gyara kuma ya kusa kuɗin sabuwa. Daga baya salula ta zo da radiyo a cikinta. Yaran da suka koyi aiki a rumfuna irin ta kawu yawancinsu sun koma gyaran waya da talabijin da kayan sola. Makaɗa ma abin bai bar su ba, domin a gidan biki yanzu fiyano da kwamfuta ke ba da muryar kalangu, muryar da ba ruwanta da damina ko hunturu.

Ba na cikin masu cewa a koma jiya. FM ta ba mutumin Maraɗi bakin magana da bai taɓa samu ba, ya ɗauki waya ya kira ya faɗi damuwarsa da harshensa, gari na ji. Abin da ke damuna shi ne yadda muke barin ilimin mutanen nan yana bin su kabari, kamar ba mu ƙara bukatarsa. Alhali makiyayi da manomin da ke nesa da gari har gobe radiyo mai pil ce abokiyar hirarsa. Kuma mun gani da idonmu cewa tashar FM abu ce da ake iya rufewa cikin yini ɗaya: an dakatar da RFI a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma ya tuna mana cewa gajeren zango, wanda ba ya tsayawa a iyaka, bai gama aikinsa ba, haka ma wanda ya san yadda ake gyara akwatin da ke kama shi.

Tsofaffin masu gyaran radiyo da suka rage a Zariya da Sabon Gari da kewayen babbar kasuwa ba su da yawa. Masu ɗaurin tambura a fadar Maraɗi da ta Tibiri, da masu haɗa goge da kalangu, su ma shekaru sun ja. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a cikin gari, muna da makarantun koyon sana'a, muna da gidajen radiyon da mutanen nan suka share wa hanya. Ɗalibin tarihi ya je ya zauna da su ya ɗauki bayaninsu: wa ya koya musu, a wane gari, wace fata ake sa wa wace ganga, yaya ake kiran kowane ɓangare. Ɗalibin lantarki ya je da na'urarsa ya auna radiyon da tsoho ya daidaita da kunne, ya rubuta abin da ya samu. Gidajen radiyo su ba su fili su yi bayani da bakinsu, a ajiye muryoyin. Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa, waya ɗaya mai ɗaukar murya da ladabin zama gaban manya sun isa a fara. Abin da ba mu da shi da yawa shi ne lokaci, don haka a fara da waɗanda suka fi tsufa.